Kafin a Ɗaure Kaya: Zaɓen Unguwa ga Mai Ƙaura da Iyali

Jama'a masu sauraronmu, iyayena da ƴan'uwana na ƙasar Safo da kewayenta, tun daga Jiratawa da Sarkin Yamma har Madarunfa da Gabi, da duk wanda muryar nan ta riska a zaure ko a gona ko a bakin gulbi, barkanku da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa.

Musabbabin zancenmu na yau wani bawan Allah ne daga cikin magidantan ƙasar nan, mai mata ɗaya da ƴaƴa biyar, wanda ya tare ni bayan an sauko daga Juma'a, ya shaida mini cewa shekara shida ke nan yana zuwa ci-rani Yamai, kuma tun da Allah ya hore masa rumfa tasa ta kansa a kasuwa, ya ƙudura niyyar kwashe iyalinsa su koma can baki ɗaya. Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wani gida mai ɗaki biyu da famfo a tsakar gida, wanda dillali ya aiko masa, ya tambaye ni ko kuɗin hayar da aka yanka masa sun yi daidai. Ni kuwa na ce masa, "Malam, su wa ke zaune dama da gidan, su wa ke hagu da shi?" Sai ya yi shiru, domin bai sani ba, kuma bai zo masa a rai cewa abin tambaya ne ba. Wannan shirun nasa shi ya sa na ga ya wajaba mu zauna mu yi magana a kai, gama na tabbata masu irin niyyarsa suna da yawa a cikinmu, wasu Maradi suka nufa, wasu Yamai ko Agadas ko Arlit, wasu Kano ko Legas, wasu ma har bayan hamada.

Malamanmu ba su ɗauki maƙwabtaka da wasa ba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci maƙwabci makusanci da maƙwabci manisanci a jere guda da iyaye da dangi da marayu da miskinai, ya yi umurni da kyautata musu. Kuma ya tabbata a hadisi cewa Mala'ika Jibrilu ya yawaita yin wasiyya da maƙwabci har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi zaton za a shigar da shi cikin magada. Malamai suka kasa maƙwabta kashi uku: wanda ya haɗa maƙwabtaka da zumunta da Musulunci yana da haƙƙi uku, wanda ya haɗa maƙwabtaka da Musulunci yana da biyu, wanda ba Musulmi ba kuma yana da haƙƙinsa ɗaya cikakke na maƙwabtaka, wanda babu mai ikon tauye masa shi. Wasu daga cikin magabata ma sun kai iyakar maƙwabtaka gida arba'in ta kowace fuska. To, idan har Shari'a za ta aza wa mutum nauyin gidaje masu yawa haka tun daga daren da ya shimfiɗa tabarmarsa a wuri, ashe hankali ya hukunta ya san mutanen da zai ɗauki nauyinsu, su ma su ɗauki nasa, tun bai biya ko dala ɗaya ba.

Ga kuma wani abu da mu maza muke yawan gafala da shi, wanda a ganina shi ne kan zancen duka. Maigida shi ke zaɓen unguwa, amma ba shi ke zama cikinta ba. Da an yi sallar asuba ya nufi kasuwa ko wurin aiki, ba ya komowa sai bayan magariba, wani lokaci sai bayan lisha, har ma yakan shekara bai san sunan mai gidan da ke kallon nasa ba. Wadda ke wuni a unguwar ita ce matar da aka rabo da uwarta da ƴan'uwanta da ƙawayenta na ƙuruciya, aka kai ta inda ba ta jin harshen mutane, ga goyo, ga girki, ga zazzaɓin yaro da tsakar rana, babu kuwa wanda za ta leƙa ta katanga ta kira. Waɗanda ke cin ƙurar lungun su ne yaran, kuma abin da suka ji a bakin yaran lungun shi za su kawo gida, gama an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Saboda haka wanda ya zaɓi unguwa don tana kusa da rumfarsa kaɗai, ko don hayarta da sauƙi, haƙiƙa ya yi hukunci a kan rayuwar mutum shida bisa maslahar mutum ɗaya.

Kakanninmu fatake sun riga mu sanin wannan matsala, sun kuma yi mata magani tun kafin zuwan Nasara, maganin kuwa shi ne zango da mai masauki. Bafatake ba ya faɗa wa gari haka kawai ya kama ɗaki. Sai ya sauka hannun fatoma, wanda zai ba shi makwanci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in an yi jayayya, in kuwa ajali ya riske shi a can, ya yi masa sutura ya aika wa danginsa da labari da abin da ya bari. Duk wanda ya zaga birnin Kano zai ji tarihin wannan tsari a cikin sunayen unguwanni kansu: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewa suka zauna, sa'an nan Fagge a bayan ganuwa, masaukin ayari. Da mutanenmu suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, suka kafa zango a Salaga da Kumasi. A Ankara, Malam Baƙo ya nemi fili a wurin sarakunan Ga a farkon ƙarni na 20, ya kafa Sabon Zango. A Badun aka keɓe unguwar Sabo a 1916. Ta gabas kuma, bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya wuce da jama'ar da ta rage har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin yana amsa sunansa har yau. A zangunan fatake galibi ba a kai mata da yara sai an sami masallaci da limami da makarantar allo da maƙabarta da wani babba wanda hukumar garin ta san shi, take jin maganarsa. Namiji ke fara zuwa, ya zauna, ya gane gari, sa'an nan ya aiko a kawo iyali. Wayar hannu ta sauƙaƙa mana abubuwa da yawa, alhamdu lillahi, amma ta sa wasunmu sun ɗauki hoton ɗaki a matsayin mai masauki.

Bari in ba ku abin da ya same ni ni kaina. Sa'ad da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Yamai, ina matashin malamin lakwal, na kama gida a wata unguwa mai dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, domin na ga tsabtarta da shirunta, na zaci na yi wa iyalina gata. Mutanen wurin ba su cuce mu da kome ba, sai dai kowa motarsa ke fitar da shi, ita ke komo da shi. Da maiɗakina ta haihu, kwana uku ba wadda ta shigo barka. Ita ke hura wutar ruwan wankanta da kanta kafin gyatumarta ta iso daga gida, ranar suna kuwa mazan da suka taru ba su cika tabarma biyu ba. Na ga hawayenta a ranar, kuma har yanzu in na tuna nakan ji nauyin abin a zuciyata, domin ni na zaɓa, ban kuwa shawarce ta ba. Bayan wata huɗu muka koma wata tsohuwar unguwa, cikin gidan haya na tarayya, inda akwai Zabarmawa da Buzaye da wani iyali Kirista mutanen Benin. Daren da muka sauka, wata tsohuwa Bazabarma wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan ta aiko mana da tuwo, ta zo da kanta ta karɓi jaririn ta goya. Ran da zazzaɓi ya shiɗe da babban ɗana da tsakar dare, wannan Kiristan ne ya fito da babur ɗinsa ya kai mu asibiti, ya kuma zauna tare da ni har gari ya waye. Tun daga lokacin na daina auna unguwa da yawan Hausawan da ke cikinta kawai.

To, yaya mutum zai gane unguwa mai karɓar baƙo? Gani ya kori ji. Ya tafi shi kaɗai, ya sauka wurin wani nasa, ya ba abin kwanaki. Ya yi sallar asuba a masallacin unguwar, domin jama'ar asuba su ne mazauna wurin na haƙiƙa, ya lura ko bayan sallama wani zai juyo ya ba shi hannu ya tambaye shi daga ina. Ya tsaya kusa da famfon unguwa ko rijiya da hantsi, ya ji yadda mata ke magana da juna da yadda ake bin layi, ya tambayi ƴan garuwa nawa suke sayar da ruwa da rani, gama su ba su da dalilin ɓoye masa. Ya zaga da la'asar ya ga ko yara na wasa a waje, sa'an nan ya komo bayan lisha ya ga su wa suka gaji lungun in dare ya yi, ko dattawa ne a kan tabarma ko matasa masu shaye-shaye. Ya je ya gai da mai unguwa da limami, da ɗan goronsa, ya faɗi sunansa da garinsu da sana'arsa, ya ga irin fuskar da za a shimfiɗa masa, tun da shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai kuma tambaya guda wadda mutane ke jin nauyin yi, alhali ita ce ta fi bayyana halin wuri: in baƙo ya rasu a unguwar nan, wa ke yi masa wanka, ina ake kai shi, mutum nawa ke bin gawarsa? Jama'ar da ke tashi ta bar sana'arta don jana'izar wanda ba ta san danginsa ba, ba za ta bar matarka ta haihu ita kaɗai ba. In da hali kuma, ya kawo uwargida ta kwana biyu ta gani da idonta, domin mace takan gane a wuni ɗaya abin da namiji ba zai gane a wata ba; bayan shawara sai istihara.

Sai batun ƙasa da ruwa, wanda mu mutanen gulbi bai kamata a koya mana shi ba. Dattawanmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin fadama, har aka tashi gari ɗungum aka mai da shi kan tudu, inda unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da Mokoyo suka sake zama da sunayensu. A Yamai, cikin damanar 2020, kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da wasu unguwannin hayin kogi, ya kuma taɓa Saga, iyalai masu yawa suka koma kwana a azuzuwan lakwal. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ma ruwan sama ya yi ta'adi a cikin Maradi, gidaje suka rushe, aka yi hasarar rayuka. Gidan da aka nuna maka da rani yana da araha, ka dubi gindin katangarsa ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi da damana. Sau da yawa baƙo ake ba irin waɗannan gidaje, domin ɗan gari ya san dalilin arahar. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, ba laifi ba ne, amma ba shi zai kwana a ɗakin ba. A rubuta yarjejeniyar haya a gaban shaidu, a san ko wuta da ruwa na gidan ne shi kaɗai ko na tarayya, a san nisan lakwal da asibiti da abin da ɗan kabu-kabu zai ci kullum. Mai sayen fili kuma kada ya miƙa kuɗi sai ya kai takardun ma'aikatar magajin gari an tabbatar masa da su.

Yanzu zan zo kan wani al'amari mai ɗaci, wanda ba na son in tsallake shi. Duk abin da na faɗa ya shafi inda baƙo zai saje da mutanen gari in ya yi shiru. Akwai kuwa ƙasashen da fatar mutum ke riga bakinsa magana, a san shi baƙo ne tun daga nesa, a kuma yanke masa hukunci kafin ya yi sallama. A watan Satumba na 2000 an far wa baƙaƙen fata a garin Zawiya na ƙasar Libiya, aka kashe wasu, dubbai suka gudo. A 2011 kuma, lokacin yaƙin da ya kawar da Gaddafi, an riƙa kama baƙin mutum bisa zargin sojan haya ne, ba da wata hujja ba sai launinsa. A Tunisiya, bayan jawabin da shugaban ƙasar ya yi a kan baƙin haure ran 21 ga Fabrairu 2023, masu gidajen haya da yawa sun fitar da ƴan Afirka baƙar fata cikin kwanaki kaɗan, har da ɗalibai masu takardunsu. Daga Aljeriya kuwa, tun watan Disamba na 2014 ake komo da ƴan Nijar cikin ayarin motoci, wasu baƙin kuma a zube su a hamada su tako wajen kilomita 15 zuwa Asamaka; ba mu kuma manta da mutum 92, galibinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a kan hanyar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 ba. Ban ce mutanen waɗannan ƙasashe duka haka suke ba, a'a, a cikinsu akwai waɗanda suka ɓoye baƙi a gidajensu, suka ciyar da su, Allah ya saka musu da alheri. Abin da nake cewa shi ne, a irin wannan wuri kirkin maƙwabci ɗaya ba ya isa kariya, sai an haɗa da takardar zama ingantacciya da jama'ar gida masu shugaba wanda hukuma ta sani. Wanda ba shi da waɗannan biyu, ina roƙonsa don Allah ya bar mata da yara a gida.

Ko a Amurka, inda ƴan Nijar suke da jama'a a Bronx ta birnin New York da garin Greensboro, baƙar fata sun daɗe suna shan wannan wahala. Kimanin mutum miliyan 6 daga cikinsu suka ƙaura daga kudancin ƙasar zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970, suka tarar an rubuta a takardun gidaje cewa ba za a sayar wa baƙin mutum ba, an kuma zana unguwanninsu da jan alƙalami a taswira don a hana su bashin gina gida. Sai a 1948 kotun ƙoli ta hana kotuna tilasta waccan yarjejeniya, dokar da ta haramta wariya a sha'anin gidaje kuma ba ta fito ba sai a watan Afrilu na 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King. Abin da ya riƙe su a tsawon waɗannan shekaru shi ne abin da ya riƙe fatakenmu, wato ɗan'uwa ya riga ka zuwa, ya rubuto maka inda za ka sauka da inda ba za ka bi da dare ba.

Abin lura ne ƙwarai cewa hijirar farko a Musulunci, a shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah, ƙasar baƙar fata aka yi ta, wato Habasha, alhali sarkinta Najjashi a lokacin Kirista ne. Dalilin da aka zaɓe ta kuwa shi ne ba a zaluntar kowa a ƙarƙashinsa. Wasu daga cikin sahabbai sun tafi da matansu, domin an tabbatar da adalcin wurin kafin a tura su.

Zango ma yana da nasa aibin in aka mai da shi kurkuku. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango da yawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka taho; haka Najeriya ta yi wa baƙinta a farkon 1983. Wanda ya zauna shekara ashirin a gari bai koyi gaisuwar mutanen garin ba, bai je musu biki ko ta'aziyya ba, bai nemi takarda ba, ran da iska ta juya ba shi da mai tsaya masa. Ka sauka cikin naka, wannan daidai ne, amma ka buɗe ƙofa ga masu gari. In Yamai ce, ko "fofo", gaisuwar Zabarmawa, ka koya wa yaranka tun daga Safo. Masu nufin ƙasashen kudu kuma su bincika halin takardu kafin su tashi, tun da ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a watan Janairu na 2025.

Mu ma nan an gwada mu da karɓar baƙi. Tun daga 2019 dubun dubatar ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maradi suna gudun ƴan bindiga, galibinsu mata da yara, ƙauyukan Gidan Rumji suka raba hatsinsu da su kafin agaji ya iso, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Har yanzu akwai masu shigowa ƙasar Madarunfa ɗai-ɗai, su kama ɗaki a ƙarshen gari, kuma su ma suna lura da wanda ya juyo ya ba su hannu bayan sallar asuba.

Shi dai wancan bawan Allah da ya tare ni, mun rabu a kan cewa ba zai aika wa dillali kome ba tukuna. In ya sayar da wakensa zai tafi ya sauka wurin wani ɗan ƙauyensu da ya daɗe a unguwar Bukoki ta Yamai, ya zaga unguwa biyu ko uku, sa'an nan ya zo ya ɗauki uwar ƴaƴansa ta je ta gani kafin a ɗaure kaya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan takardun haihuwa da na canjin lakwal da ya kamata a nema wa yara kafin a tashi. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya haɗa su da maƙwabta na gari.